Fuskar Gwaggo Ba Ta Son Gyara

Wanda ya ba mu aron Gwaggo ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan riɗi, kuma wurinsa dukanmu muka nufa. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar gidanmu ya cika har bakin hanya, maza a rumfar da aka kafa a waje, duk wanda ya iso ya ɗaga hannu a yi Fatiha, mata kuma a tsakar gida a kan tabarmi da gadajen igiya.

Ni ce mai zagayawa da jabana, butar gahawa, saboda haka na ji abin da kowa ya faɗa. Matan bakin kasuwar hatsi, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna kasa kaya kusa da ita, cewa suka yi an gama shan godo-godo mai daɗi a Gadarif, wato irin furar da take damawa. 'Yan dako sun zo su wajen goma, ƙarti majiya ƙarfi, ɗaya daga cikinsu yana share hawaye da gefen rawaninsa, yana cewa ba ta taɓa bari ya ɗauki buhu da yunwa ba. Maƙwabciyarmu Balarabiya, wadda suka yi shekara talatin suna faɗa a kan awaki suna shiryawa, ta zauna a ƙasa tana ta tambayar wa zai riƙa gaya mata gaskiya yanzu. Babana, ƙanen marigayiyar, yana rumfa yana karɓar gaisuwa.

Sai wata 'yar dangi, mai fuska ɗorawa-ɗorawa da gaɓoɓin yatsu baƙaƙe, ta sunkuya ta raɗa wa ƙawarta, "Allah ya jiƙan Hajja, amma dai yanzu mutum zai shigo gidan nan ba a leƙa masa bayan kunne ba."

Haka kuwa Gwaggo take yi. Duk yarinyar da ta zo gaishe ta fuskarta ta fi yadda ta san ta haske, sai ta jawo ta kamar za ta sa mata albarka, ta ɗaga ɗankwali ta duba bayan kunne, inda man ƙara haske ba ya kaiwa, ta ce, "Yawwa, ga ki nan. Na ɗauka wata aka aiko." Na ji raɗar nan, raina ya ɓaci, har na so in juye wa yarinyar jabanar a cinya. Abin da ya hana ni shi ne ba ni da bakin magana. A lokacin hannuna ɗaya yana riƙe da tire, ɗayan yana riƙe da gefen tob ɗina, dogon mayafinmu na nan, a kan kumatuna. Masu ta'aziyya sun ɗauka kuka ne ya kumbura min fuska nake ɓoyewa. Ba kuka ba ne. Shekara goma sha takwas ke nan ban fita ƙofar gida da fuskata a buɗe ba, kuma abu ɗaya tak da Gwaggo ta taɓa roƙona a duniya shi ne in buɗe ta. Ta rasu ban yi ba. Shi ya sa nake wannan rubutu, don kada a tuna da godo-godonta kawai a manta da abin da ta tsaya a kai.

Gwaggo yayar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙasa za su Makka, a hanya aka haife ta. Suka tsaya a Gadarif ta ƙasar Sudan su yi aikin gona na damina ɗaya don su sami guzuri, ba su sake tashi ba. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ba ta ƙara aure ba, ta dawo gidanmu ta zaɓi ɗakin ciyawa na kusa da ƙofa, inda ba mai shiga ko fita ba ta gan shi ba. Baƙa ce wuluk, doguwa, da zane uku-uku a kowane kunci. Babana da furfurarsa da komai Auta take kiransa. Ni kuma Uwata, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa min.

Kada wani ya ɗauka ba ta son ado. Ba ta fita kasuwa sai ta zizara kwalli, ta shafe jikinta da man riɗi har yana sheƙi, ƙafarta ba ta rabuwa da lalle. Takan dubi ɗan madubinta mai tsagewa ta ce, "To, wanda bai gani ba shi ya yi asara," ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya babana ya sayar da riɗi ya shigo da talabijin. A shekarun nan in ka kunna, ko dai ka ga samari cikin kaki suna tafiya suna waƙar yaƙi, ko malami yana wa'azi, ko mace mai karanta labarai ta naɗe kai tsaf, fuskarta fara tas kamar sabon faranti. Ranar farko da matar ta yi sallama, Gwaggo ta amsa mata har da wa barakatuhu, ta gyara zama tana jiran a tambaye ta gida da gajiya. Matar ta zarce cikin labaranta. Gwaggo ta ba ta kwana uku. A na huɗu ta ce, "Auta, wannan baƙon naka ba shi da tarbiyya. Ya shigo gidan mutane, shi kaɗai ke magana, bai tambayi sunan kowa ba, bai tambayi lafiyar kowa ba." Daga ranar ta juya masa baya. Muna kallo bayan magariba, ita tana tsintar gero, ƙeyarta ga akwatin, amma kunnenta na nan, don ba abin da za a faɗa a ciki ba ta mayar da amsa ba.

Akwai wani wasan barkwanci da muke so. A cikinsa wani yakan fito a matsayin ɗan Fallata, sunan da ake haɗa mu duka a kira mu da shi. Ya shafa baƙi a fuska, yana karya Larabci, kowa na yi masa wayo. Mukan yi dariya har da riƙe ciki, babana ma haka. Wata rana Gwaggo ta ajiye faifan geronta, ta zo ta tsaya a gaban akwatin.

"Auta, wa ake yi wa dariya?"

"Wasa ne kawai, Yaya."

"Na san wasa ne. Cewa na yi wa ake yi wa dariya? Wannan Larabcin da yake karyawa, ba haka babanmu yake yi ba? Ba da shi ya yi ciniki ya ciyar da kai ba?"

Babana ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Kalas, shi ke nan. In za a zagi ubana, a je a zage shi a gidan wani. Ba da wutar gidan nan ba." Ta zare wayar da hannunta. Tun daga ranar, da an sa kiɗan buɗe wasan, babana da kansa yake tashi ya kashe.

Ni kuwa maganar ta bi ta bayan kunnena. Abin da na gani shi ne, a cikin akwatin nan duk wadda ake saurara fara ce, duk wanda ake yi wa dariya da mu yake kama. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ni mummuna ce. Kullum dai ina kallo, kullum ina auna kaina. Da na kai shekara goma sha bakwai na daina Hausa da zarar na fita ƙofar gida, in Gwaggo ta kira ni a kasuwa a gaban 'yan makarantarmu sai in yi kamar ban ji ba. Ina tsayawa gaban madubi ina kwaikwayon mai karanta labarai, har da yadda take karkata kai. Na kuma gano wani shago a bayan masu turare, inda ake cakuɗa kirim kala uku ko huɗu a kwano, a ɗebo miki da cokali a ƙulle a leda. Ba suna, ba takarda. Ina shafawa a ɓoye, kuma na yi wa Gwaggo wayo, har bayan kunne nake kaiwa.

A shekarar ne wasu masu ɗaukar shiri suka zo daga Khartum, wai suna haɗa shiri a kan abincin gargajiya na kowace jiha. Aka ce musu in godo-godo suke nema su je wurin Hajja. Suka iso gidanmu da hantsi, ga mota, ga kyamara, ga wayoyi, unguwa ta cika ƙofar gida. Na yafa tob ɗin Ummata mafi kyau, na tsaya inda dole a gan ni.

Gwaggo ta yi aikinta yadda ta saba. Ta dafa curin geron, ta kirɓa a turmi, ta fara damawa da nono a babbar ƙwaryarta, su kuma suna ɗauka. Da aka zo wurin magana, sai shugabansu ya ce da Larabci, cikin ladabi ƙwarai, "Ya Hajja, ke ki huta. Hannunki kawai muke so a cikin ƙwaryar. Ga wadda za ta zauna ta yi bayani." Ya nuna wata da suka zo da ita, fara, hannu duk gwal, wadda ko ludayi ba ta iya riƙewa ba.

Ni da rawar kai na matso, na ce ni 'yar gidan ce, na iya Larabcin makaranta, zan iya bayanin. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi murmushi ya ce, "Ma'alesh ya bitti, yi haƙuri 'yata, kyamara tana son haske."

Gwaggo ta ji. Ta ajiye ludayin, ta wanke hannu, ta goge a zaninta. Ta amsa masa da Larabcinta na kasuwa, wanda ba ta taɓa jin kunyarsa ba. Ta ce, "Hannun nan da fuskar nan tare aka halicce su, tare suke zuwa kasuwa. In ɗaya bai yi muku ba, ku bar duka." Ya shiga ba ta baki, wai duk Sudan za ta gani. Ta ce, "Ta ga me? Ta ga wata tana yabon abin da ba ta taɓa damawa ba?" Ta ɗauki ƙwaryar ta fita ƙofar gida, ta rabar wa 'yan kallo. Ta aiko wa baƙin da nasu a kofuna, don ba a zuwa wurinta a tafi ba a sha ba. Suka sha, suka naɗe wayoyinsu suka tafi.

Unguwa ta yi wata guda tana ba da labarin nan ana dariya. Ni kuwa abin da na tsinta a ranar daban ne. Kyamara tana son haske, ni kuma nawa bai kai ba. Na koma shagon na ce a haɗa min mai ƙarfi, na koma shafawa safe da yamma.

Wata Juma'a da safe ta shigo ɗakinmu neman allura, ta tarar da ni da leda a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Uwata, me kike gogewa?"

Na ce fuskata ce, ba ta wani ba. Kuma da yake a cike nake tun ranar masu kyamara, na ƙara da abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce ita ta ɓata min damata. Na ce ita ba ta da abin da za ta rasa, da wannan baƙin da wannan zanen ko ta yarda ba mai saka ta a talabijin.

Ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Zanena uwata ta sa aka yi min, don in na ɓace a hanya a san ta wa ce. Ba ki zage ni ba. Amma ki ji. Uwata ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ranar da aka haife ki na ɗaga ki, na ga goshinta da hancinta da baƙinta, shi ya sa na ce a sa miki sunanta. In na yi kewarta ke nake kallo. Yanzu kina goge min ita cokali-cokali, saboda wani da bai san sunanki ba ya ce kyamara."

Na ce, "To ai ta riga ta mutu." Ta tashi ta fita, ko allurar ba ta ɗauka ba. Muka yi wata biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa.

Sai fuskar ta tashi. Da farko ta yi ja, sai ƙuraje, sai fatar kumatuna ta fara saɓulewa in rana ta taɓa ta. Wata safiya na farka matashin kai ya manne min a kunci. Ummata ta sa kuka, babana ya rasa inda zai sa kansa. Gwaggo ce ta yafa tob ɗinta, ta kama hannuna ta kai ni asibiti cikin damina, a baƙar lakar Gadarif mai cire wa mutum takalmi. Ta bar kasuwa kwana arba'in. Ita ke wanke ciwon, ita ke shafa maganin da likita ya rubuta, ita ke korar 'yan dubiya masu son ganin ƙwaf. Kullum ina jiran ta ce ai na gaya miki. Har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Abin da take cewa in tana shafawa shi ne, "Sannu Uwata, juyo nan."

Ciwo ya warke, tabo ya zauna. Guda biyu, kowanne kamar tafin hannun jariri, sun fi asalin fatata duhu. Na koyi jan gefen tob, na koyi hoda mai kauri. A shekarun nan in mace ta rufe fuska ba mai tambayarta dalili, wasu ma yaba min suke yi, wai na riƙe addini. Gwaggo ce kaɗai ba ta karɓa ba. Takan ce, "Ba don Allah kike ɓuya ba, Uwata. Shi ya riga ya gani." Na yi karatu, na zama malamar firamare, na yi aure na haihu, duk a bayan ƙyalle. Mijina da 'ya'yana sun san fuskata, amma ko ɗalibaina muryata kawai suka sani.

Kowace sallah in na je gaishe ta, roƙonta ɗaya ne. "Ki zo ki zauna kusa da ni a kasuwa wuni ɗaya, fuska a buɗe. Ba sai kin sayar da komai ba." Ni ma amsata ɗaya ce, "Wata rana, Gwaggo." Dish ya zo, tashoshi suka yi yawa, matan cikinsu suka ƙara fari, tallan kirim ya shiga tsakanin kowane shiri. Daga baya aka kawo waya mai gyara fuska kafin a aika hoto. Gwaggo ta tsufa amma bakinta bai mutu ba. In jikokin gidan suka nuna mata hotonsu a waya, takan kalli hoton, ta kalli mai hoton, ta ce, "Kyakkyawa ce. 'Yar gidan wa ce?"

Jinyarta kwana biyar ce. Ranar Litinin da yamma ina ba ta kunu, ta sa hannu ta janye tob ɗin daga fuskata, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kasuwa fa?" Na ce, "In kin warke tare za mu." Ta ce, "Ke dai." Washegari ta cika.

Ranar sadakar bakwai yayana ya shigo da wani abu naɗe a takarda. Hoton Gwaggo ɗaya ne a duniya, na katinta na ɗan ƙasa, wanda ta sha zirga-zirga kafin a ba ta. Shi ya kai wa mai hoto a kasuwa, aka faɗaɗa, aka sa a gilashi don a rataye a falo. Ya buɗe shi a tsakiyar mata. Aka yi ta masha Allah, wata har tana cewa kamar amarya.

Matar da ke cikin gilashin fara ce sol. Ba zane ko ɗaya. An cike mata kumatu, an ɗan ja bakinta kamar mai murmushi. Abin da ta hana a yi mata tana da rai, an jira ta kwanta an yi mata. Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Na karɓe hoton daga hannun yayana, na ce ba za a rataye wannan a gidan ubana ba. Ya ce, "Haba, gyara ne fa kawai." Babana, wanda tun ranar rasuwar bai haɗa magana biyu ba, ya ce, "Bar mata shi. Wannan ba Yaya ba ce."

Washegari da safe na je shagon. Mai hoton dattijo ne mai fara'a, yana zaune gaban kwamfuta, bangonsa cike da amare masu fuska iri ɗaya. Na ajiye masa gilashin na ce ya mayar min da ita yadda take.

"Ya ustaza, kowa haka yake so. Ni alheri na yi wa marigayiya. Ko ba a ce ba nakan gyara, don in ban gyara ba dawo min da shi ake yi."

Na ce to yau ga wanda aka dawo masa da shi saboda ya gyara. Ya shiga yi min bayani, wai baƙar fuska ba ta fita da kyau a takarda. Da gangan na saki gefen tob ɗina, na goge hodar da shi, na matso har gaban fitilarsa.

"Dubi nan, ya Hajj. Wannan ma gyara ne. Shekara goma sha takwas ina ɗauke da shi. Ita ba ta taɓa neman a gyara ta ba, kuma ba za a fara yanzu da ba ta da bakin hanawa ba."

Ya kalle ni, ya kawar da kai, ya sake kallo. Ya nemo hoton katin a cikin na'urarsa, ya fitar da shi yadda yake. Ga ta nan baƙa, da zanenta shida, ta ɗaure fuska tana hararar wanda ya ɗauke ta. Ya sa a gilashin da hannunsa.

Da na fito, hannuwana biyu suna riƙe da hoton, ba wanda zai ja min tob. Hanyar gida tana hagu, na yi dama. Na ratsa layin masu turare, na wuce shagon cokali, wanda har yau yana nan 'yan mata na tsaye a bakinsa. Ban sunkuyar da kai ba, na ma rage sauri don su kalla da kyau. Na isa bakin kasuwar hatsi, inda matan suka bar gurbinta ba wadda ta kasa kaya a ciki. Na zauna a wurin, na jingina hoton a ƙafata.

Tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a gefe ta dubi hoton, ta dube ni, ta ce, "Matso cikin inuwa, 'yar nan, rana za ta juyo." Iyakar abin da aka ce ke nan. Na wuni a wurin har la'asar, masu buhu na wucewa, masu saye na wucewa, wasu iyayen ɗalibaina suka gane muryata suka tsaya suka yi min ta'aziyya. Ba wanda ya gudu, ba wanda ya yi dariya.

Na makara da kwana takwas, Gwaggo, kuma wannan zan ɗauka har in tarar da ke. Amma ranar da na koma makaranta da fuskata na shiga aji, gaban 'yan mata masu kallon abin da na kalla suna auna kansu yadda na auna. Duk wadda ta tambaye ni me ya same ni, ina gaya mata dalla-dalla, kuma ba zan daina ba. Allah ya yalwata miki makwanci, ya sada ki da mahaifiyarki, ya tashe ki da fuskar da ya ba ki.